Mai Dawo da Abin da Ya Faɗi

Su bakwai ne kwance kan tattaka
a ɗakin tumakin Ishbel, can bayan Ullapool,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Struan ya nuna mai ƙibar: "Wannan, Mama."
Na ce dakata.
Kwikwiyo ba burodi ba ne da ido zai zaɓa.

Uwar na fara dubawa.
Ta shinshina tafina, ta koma ta kwanta,
ba gurnani, ba ɓuya.
Ishbel ta miƙo takardun likita:
ƙugu lafiya, ido lafiya, har na uban.
Ina karantawa, Baba na jingine da ƙofa,
yana tambaya karo na uku
gidan wa muka zo.

A nan safar hannunsa ta faɗi.
Shida suka bi ta kai suka wuce.
Ta bakwai, mai launin zumar da ta kwana a sanyi,
ta ɗauka, ta take, ta tuntsura,
ta miƙe, ta kai masa har kan takalmi.
"To," in ji Baba.
Zaɓen ke nan. Ba mu muka yi ba.

Corrie muka raɗa mata.
Daren farko ta yi kuka har maƙwabta suka kunna fitila.
Na naɗe agogo cikin tsohuwar suwaita,
ta rungumi bugunsa, ta ɗauka zuciyar uwa ce.
Ƙarfe biyu, ƙarfe biyar, ni ce a waje da silifa,
iska na yankan kunne,
ina yabon fitsari kamar an ci jarrabawa.

Ta ci ƙafar tebur.
Ta ci littafin lissafin Struan, bai yi baƙin ciki ba.
Likita ya yi allura, ya ɗaga yatsa:
kada ta hau bene sai ƙashi ya yi ƙwari,
abinci da awo, irinsu ba su san ƙoshi ba,
in ta yi iyo a shanya mata kunne.
Na rubuta a jikin firji.
Baba kuwa ta ƙarƙashin tebur yake miƙa mata cuku,
ya manta an hana,
ko kuwa bai manta ba.

Da bazara ta shiga Loch Broom
kamar dama can aka haife ta,
ta fito da sanda, da ganyen teku,
ta kaɗe mana rabin tafkin a jiki.
Wata safiya ta ɗauko ƙwai daga akurkin Ishbel,
ta ajiye a hannuna, ko tsagi babu.
Bakin da ya cinye tebur!

Yanzu Baba ba ya kiran sunana.
Wani lokaci ni ce ƙanwarsa Peigi,
wani lokaci matar da ke kawo shayi.
Cokali ya faɗi, Corrie ta kawo.
Hula ta faɗi, Corrie ta kawo.
Kalma ta faɗi,
sai ta zauna tana kallon bakinsa,
wutsiya na share ƙasa, tana jira a jefa.

Jiya da magariba na tarar da ƙofa buɗe,
kujerarsa da ɗumi, sandarsa a rataye.
Na yi gudu har gangaren jiragen kamun kifi,
ina kiran sunan da ya daina amsawa.
Sai ga su suna hawowa a hankali,
ta riƙe hannun rigarsa a baki,
riƙon ƙwai,
yana ba ta labarin wani jirgi da aka sayar
tun ban zo duniya ba.

Ta kawo shi har kan takalmina.
Ta zauna.
Na laluba aljihu, ban da komai,
sai hannu, sai rawar da yake yi.
Shi na ɗora mata a ka.