Filasma

Shekara ashirin da huɗu ina buɗe bayan tele
a wata ƴar rumfa a Mokoyo, daura da mai walda.
Na dā masu ƙusumbi ne.
Mutum biyu ke sauke ɗaya daga amalanke,
suna nishi kamar an aza musu buhun gero.
In na kwance bayan, sai in tarar da gari guda:
ƙura, yanar gizo, wani lokacin har ƙwan tsaka.

Sai ga waɗannan marasa baya
sun ƙetaro ta Jibiya cikin kwali,
sirara kamar faifai, a rataye su a bango kamar kalanda.
Da sunansu suka zo.
Alhaji Nomau ya fara faɗa mini shi:
“Tsahiru, filasmata ta ɗauke hoto, sai murya.”
Ban tambaye shi ma'ana ba.
Wa ke tuhumar sunan baƙo
alhali baƙon ne zai biya kuɗin cefane?

Daga nan kowace filasma.
Ta gidan kallon ƙwallo filasma,
ta falon kwamandan jandarma filasma,
har ƴar mitsitsiyar da mai shayi ya ɗaure da waya
a jikin dogon yaro.

Inusa, ɗan ƙanwata, mai karatun Ingilishi a jami'a,
ya zauna kan bencina yana ɓarar gyaɗa,
ya ce, “Kawu, kun ba jaki sunan doki.
Masu harshen ba kowace shafaffiya suke kira haka ba.
Iri ɗaya ce, mai iska a kulle cikin ƙananan ɗakuna,
wuta ta taɓa ta, ta yi haske.
Kuma an daina ƙera ta tuni.
Sauran, mai shimfiɗaɗɗiyar fuska kawai suke cewa.”
Na ce to, ƴan lakkol su ce ekaran fila,
kai ka faɗi naka,
ni dai wanda ya kawo aiki, da bakinsa nake amsawa.
Ya yi dariya, ya bar mini ɓawo a ƙasa.

Tsakiyar damina Habsu ta haihu.
Jini ya ƙi tsayawa.
Ƙarfe biyun dare, babban asibiti,
kuran ya ɗauke, janareto na tari,
ni ina tsaye da silifa wari da wari.
Wata likita ta fito ta ce,
“Kai ne mijin? Sai an ƙara mata jini, da filasma.”
Wallahi sai da na waiga ina duba bango.

Ta ga fuskata, ba ta yi dariya ba.
Ta ɗago wata ƴar leda,
ruwa a ciki, rawaya-rawaya kamar man gyaɗa sabon matsa.
“Wannan. Ruwan da jini ke iyo a cikinsa.
Kai ma kana ɗauke da shi.”

Na nannaɗe hannun riga don in biya abin da aka ranta mata.
Allura ta shiga, na bi tiyo da ido.
Shekara nawa nake kiran sunan nan,
ina zaton a kwali yake zuwa daga Katsina,
ashe yana kewaya cikina
tun ran da aka yanke mini cibi.

Habsu ta tashi.
Yarinyar yanzu rarrafe take,
ba ta da abin wasa sai akwatin kusoshina.

Jiya wani yaro ya sauka daga kabu-kabu,
ya rungumo tele a ƙirji, an lulluɓe ta da zane.
Ya ce, “Baba, filasma ce. Ta mutu.”
Inusa na nan, ya buɗe baki zai gyara masa suna.
Na ɗaga masa hannu.
Na share tebur, na jawo fitila kusa,
na ce wa yaron, “Kar ka yi saurin cewa ta mutu.
Kwantar da ita nan, a hankali, mu gani.”