Daren da Suka Fito da Sabuwa

A Tashan Dukku, bayan isha'i,
na ja rabin ƙofar shago, rabi na bar wa iska.
Mu bakwai kan waya ɗaya,
ta Jungudo, mai tsaga a gilashi,
tsagar da ta raba fuskar mai jawabi gida biyu.

Can ƙetaren teku da sauran rana.
Mutumin ya ɗaga ta kamar jinjiri ran suna,
ya ce ba su taɓa ƙera irinta ba.
Bara ma haka ya ce, in ji Malam Gidado,
bara waccan ma da kunnena na ji.

Ido uku gare ta a ƙeya.
Jungudo ya ce na ukun na ganin dare ne.
Barkindo mai wake ya ce na leƙen aljihu ne.
Ya jawo kwalin sukari, ya kifa, ya hau shi da biro:
dala zuwa naira, naira zuwa buhu.
Ya tsaya. Ya soke. Ya sake.
Ya ce waken da zan kai Kumo kafin in taɓa ta
sai an kira a-kori-kura.
Kuma wai babu caja a kwalin,
wai don a tausaya wa duniya.
Tausayin da ake biya daban, ya ce,
ko a gidan biki ban gamu da shi ba.

Data ta ƙare daidai an zo kan kwamfuta.
Mutumin ya daskare, baki buɗe,
wani ɗan zobe na ta juyawa a goshinsa.

Nan gardama ta samu fili.
Malam Gidado yana da tasu, shekara takwas,
a kanta yake buga jarabawar yaransa a Bolari.
Batir ya kumbura kamar burodin safe,
tun da ta sabunta kanta take tafiya
kamar mai ƙaya a dunduniya.
Duk da haka kada ka zage ta gabansa:
ko shafi ɗaya ba ta taɓa cinye masa ba.
Jungudo ya ce ai shi ya sa suke tsada.
Barkindo ya ce ai shi ya sa ka ci bashi.

Ni ban ce komai ba.
Su bayanta suka sani, ni cikinta.
Na san kusoshinta ƙanana kamar ƙwayar riɗi
masu kan da sukudirebana bai gane ba,
na san gam ɗin da ba ya saki sai ya ji wuta.
In na sa mata sabon gilashi, mai kyau, daidai da ita,
sai ta rubuto wa mai ita: ban san wannan ba.
A gaban kwastoma.
Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki.

Amma gaskiya ɗaya ce.
In na buɗe ta ƙarƙashin fitila
nakan ɗan riƙe numfashi.
Gari ne a ciki, an yanka filayensa da natsuwa,
titunan tagulla da ba su kai silin gashi ba,
babu lungun da aka bari banza.
Wanda ya zana wannan ya san aiki.
Na so a ce ya san da ni.

Suka watse suna ta musu har bakin titi.
Na kashe janareta, na laluba tawa,
wadda na ɗaure bayanta da roba.

Ba na gaggawa.
Nan da shekara uku za ta iso teburina,
hannu na uku ko na huɗu,
ta Legas, ta Kano, a jakar wani ɗan makaranta,
ido ɗaya ya mutu, fuska a fashe.
Ran nan babu tafi, babu mai jawabi.
Zan hura mata wuta a hankali,
in ɗaga murfin,
mu gaisa.