Ƙyalle Uku

Ranar da Estoniya ta cika shekara ɗari
aka ce kowa a Kihelkonna
ya kawo abin tarihi ɗakin taro.
Endel ya kawo komar kakansa, har yau tana ƙarni.
Yaran makaranta suka zana jiragen ruwa a bango,
ɗaya ya fi coci tsawo.

Tsohuwa Leida ta iso a makare,
dusar ƙanƙara a kafaɗa, ƙunshi a hammata.
Ta kwance:
shuɗin labule, rana ta ci rabinsa,
baƙin siket mai faci,
farar rigar matashin kai.

Wani yaro ya tuntsire. Wanki ta kawo?

Ta ce, shekarar da aka hana mu tuta
uwata ta sa almakashi ta raba ta uku.
Sojoji sun sha shayi a gindin labulen nan,
ba su ga komai ba.
Ni kuwa shekara hamsin
a kan farin nake kwana.

Ba wanda ya tafa.
Malamar zane ta miƙo allura.
Hannun Leida na rawa,
sai yaron nan ya matso
ya zura mata zare.