Jan Zaren da Ya Kwance

Wata yarinya ta zo daga jami'ar Santiago
da 'yan kwalabe biyu da takardar tambayoyi.
Tagwaye take nema, masu kama ɗaya sak,
waɗanda zuciya ta raba wa hanya.
Wai yawunsu take so.
Na ce, 'yar nan, shekara biyu na yi ina goge yawun nan a kafaɗata,
bai taɓa gaya mini komai ba.

Ta zauna kusa da murhu. Ruwa na dukan kwanon rufi
yadda ya saba yi mana a tsibirin Chiloé.
Ta ce, Doña Eduvina, yaushe kika fara lura?

Lura da me?
Anselmo ya faɗo da asuba,
Evaristo ya biyo shi tun ruwan tukunya bai huce ba.
Mabiyiya ɗaya; ungozoma ta ɗaga ta gaban fitila na gani.
Dole na ɗaura wa ɗaya jan zare a hannu.
Wata rana wajen wanka zaren ya kwance,
na tsinto shi a ƙasan baho,
kuma har gobe ba zan rantse na mayar wa mai shi ba.

Nono, yau wannan dama wancan hagu, gobe in sauya.
Ƙyanda ta kama su mako ɗaya.
Bulala ɗaya suka sha ran da suka saki kwalekwalen maƙwabci.
Yau Anselmo na da mata da 'ya'ya uku.
Evaristo yana Puerto Montt shi da Baltasar,
shekara goma sha ɗaya ke nan:
gado ɗaya, bashin banki ɗaya, da gurgun kare.

Nicanor ya tafi kabari yana cewa laifina ne,
ni ce ke sa yaro ya ware hannuwa ina naɗe masa ulu
maimakon ya bi ubansa teku.
To amma Anselmo ne ɗan gindin mazarina,
har yau ya fi matarsa iya saƙa.
Evaristo tun yana sha biyu yake jan koma,
igiyar ruwa ba ta taɓa juya masa ciki ba.
Fada ya ce jarrabawa ce.
Ƙanwata ta ce kambun bakin wata tsohuwa ne.
Kowa da allurarsa, ba wanda ya dace da ramin.

Yarinyar ta ce su ma ba su ga makulli guda ba,
ƙananan abubuwa ne barkatai,
wasu a jini, wasu wataƙila tun a mahaifa,
wasu kuma ba a san ƙofar da suke shigowa ba.
Na ce ashe ku ma lalube kuke, fitilarku ce kawai ta fi tsada.

Sau ɗaya na tambaye shi, muna feraye dankali.
Bai ɗago ba. Ya ce, Mama, wace rana kika zaɓi zama bahaguwa?
Na ce malama ta ɗaure mini hannun nan shekara guda,
na koyi rubutu da dama,
amma wuƙa har yau hagu take nema.
Ya dubi wuƙar. Ni ma na dube ta.
Muka gama kwandon ba wanda ya ƙara tofawa.

Ulun tunkiya ɗaya nakan tsoma a tukunyar rini ɗaya,
wani ƙulli ya fito da duhu, wani da haske.
Shekara hamsin ina rini, ban san dalili ba,
ban kuma taɓa zubar da ƙulli ba.

Layin ƙarshe na takardarta na bar shi fari.
Ta tafi da kwalabenta a jirgin yamma.
Na koma kan rigunan sanyin bana.
Da biyu nake saƙawa, yanzu uku.
Ta Baltasar ce ke cinye mini ulu,
hannuwansa sun cika tsawo.