Tambayoyin Mai Fito

Kafin takarda, kogi ne.
Kakana Tanimu yana fito a Mai Wurno,
jirginsa na cin mutum sha ɗaya da akuya,
kuma bai taɓa barin kowa ya zaɓi mazauni ba.
Tambaya uku yake yi a bakin gaɓa:
Ka ci abinci?
Wa ke jiranka a ƙetare?
In hularka ta faɗa ruwa, yaya za ka yi?

Wanda ya ce, "Sai in bi ta,"
a tsakiya ake dasa shi, tsakanin buhun dawa biyu.
Wanda ya ce, "Ta tafi ke nan,"
a ba shi gefe, ko kada ya yi hamma ba zai motsa ba.
Mai dariya a miƙa masa ƙwaryar kwarfar ruwa.
Mai shiru kuwa,
kaka kan ajiye shi inda idonsa zai kai.
Damina talatin, jirgi bai kife ba.

Babana Babikir bai gaji filafili ba, alƙalami ya gada.
Yana malamin awo a gonakin audugar Jazira
ya rubuta ukun nan da ajami a bangon littafi,
ya ƙara tara daga kansa,
don ya san wa za a bar wa makullin ruwa da dare,
wa za a tura in an yi rikicin iyaka.
Shi ya raɗa wa mutane suna huɗu:
Dutse, Igiya, Filafili, Kumfa.
Ina 'yar shekara bakwai ya ce, "Ke Igiya ce."
Na yi kuka har magariba, na zaci zagi ne.

Ni na kai su Wad Madani cikin jakar makaranta.
Sha biyu suka haihu, suka zama casa'in.
Dakta Ihsan ta ja jan biro ƙarƙashin hula:
"Matan fa, da me za su amsa?"
Na mai da hula takalmi.
Da na juya su Larabci
kunya ta ƙi shiga kalma ɗaya,
ta rabu biyu, ta tsoro daban, ta girmamawa daban,
na yi wata guda ina ɗinke ta.

Mutum ɗari shida suka cika mini:
direbobin lori, ungozomai,
dillalan riɗi da suka zo daga Gadarif,
da wani tela da ya nemi in ba shi amsar
don kada ya faɗi.
Na zuba wa na'ura, ta tankaɗe,
ta zubar da hamsin kamar dusa,
ta ce huɗun babana biyar ne.
Na biyar ɗin har yau ba shi da suna.
Ina zargin mai shirun nan ne.

Sai Goggo Tasalla mai shayi a gindin darbejiya.
Ran Asabar ta fito Dutse.
Ran Laraba, bayan ɗanta ya bugo daga Bor Sudan,
ta fito Kumfa, har da rara.
Na ce, "Goggo, ɗaya kuskure ne."
Ta ɗauraye kofi, ba ta ko dube ni ba:
"Kogin da kika tsallaka da rani,
shi kika tarar da damina?
Suna ne dai bai sauya ba."

Yanzu tambayoyin arba'in da ɗaya ne.
A saman takarda na bar gurbin kwanan wata,
a ƙasa, inda ake faɗa wa mutum ko shi wane ne,
na ƙara kalma guda: yau.
Ta farkon nan da na'ura ta yar,
wai ba ta auna komai,
na tsince ta, na kakkaɓe, na mayar mazauninta.
Kafin in ce maka Dutse ko Kumfa,
zauna tukuna.
Ka ci abinci?