Kan Baba a Yumɓun Nilu

A Wad Madani suka tura Baba cikin bakin injin,
ya yi ta ƙwanƙwasa masa kai kamar mai bin bashi.
Da la'asar aka miƙo mini baƙin hoto mai sheƙi:
kansa ne, yanka ashirin da huɗu,
yadda ake yi wa albasa.

Likita ya ɗora biro kan wani farin ɗigo.
"Nan," in ji shi.
Nan ɗin ne ya cinye sunana,
ya cinye hanyar mashaya,
ya bar masa Fatiha da son gahawa mai citta.

Na koma Mai Wurno, na ɗebo yumɓu a gaɓa.
Na liƙa hoton a taga, rana ta ratsa shi,
na bi zanen da tsinke,
faifai bisa faifai,
wayar tsohuwar rediyonsa ta zama jijiya.

Inna Tabawa ta leƙo: "Gunki a gidan nan?"
Na ce ba ido, ba baki, Inna,
taswirar gari ce, garin da ake ta ƙaura daga cikinsa.

Gurbin ɗigon na bar shi rami.
Injin ya san faɗinsa ko gashi bai kuskure ba,
bai san nan aka ajiye ranar da ya koya mini iyo ba.

Jiya Baba ya zura yatsa a ramin,
ya daɗe.
Ya ce, "Wa ya gina tukunyar nan? Za ta yi yoyo."
Ya gutsiri ɗanyen yumɓu,
ya toshe,
ya shafe da babban yatsa
yadda yake yi wa kwalekwalensa.