Akurki a Bakin Ruwan Ijede

Shekara goma sha tara ina buɗe ƙofar wani a Ikoyi,
in buɗe, in rufe, in ce a dawo lafiya.
Ran da gwiwa ta ce ta gaji
sai na naɗe tabarma, na shiga jirgin ruwan Ikorodu
da buta, da adda, da kaza ɗaya a kwali
tana leƙen ruwa ta hujin da na yi mata da wuƙa.

Yau ga ni a Ijede, bayan kangon da mai shi ya manta,
gini ya tsaya iya ƙugu, ciyawa ta ƙarasa sauran.
Kazar nan, Ladingo, ita ta kafa zuri'a.
Jiya jikokinta goma sha bakwai ne,
yau sha shida.
Shirwa ba ta tambayar mai gida.

Akurkin na gora ne, na ɗora shi kan ƙafa huɗu,
don ruwan Legas ba ya sallama:
ka kwanta a tudu, ka farka takalminka yana iyo.
Rufin kuwa tsohuwar ledar talla ce,
wata mata riƙe da sabulu,
kajina suna kwana ƙarƙashin murmushinta.

Rabona da sayen dusa tun azumin bara.
Nakan cusa karmami a fasasshiyar tukunya,
in yayyafa ruwa, in kifa ta a bakin suri.
Kafin asuba gara ta tare a ciki.
In na zazzage, zo ka ga wawaso,
ko kasuwar Mil Sha Biyu albarka.

Iya Morufu ce ta buɗe mini dajin nan.
Abin da na sani da lalo, ita ewedu take cewa,
shuwaka kuma ewuro;
muka yi dariya, ɗacin dai ɗaya ne.
Ta nuna mini ganye mai ruwa a gindin katanga, ta ce ci.
Ta nuna mini naman kaza a kan ruɓaɓɓen icce,
ta ce wannan, ko kazarka kada ta kusanta.
Dodon koɗi ba cimata ba ce,
amma bayan ruwa nakan tsinto mata cikin bokiti,
ita kuma ta aiko manja a kwalba.
Ba mu taɓa yin lissafi ba.

Da yamma fatsa ce da tana.
Wata rana tarwaɗa biyu,
wata rana sauro kawai da tunanin gida.
Na iya karatun hadari yanzu:
in ya haɗo daga wajen Epe,
kafin ka gama alwala ya iso,
kwashe shanya tukuna.

Kar ka ɗauka hutu nake.
Guza ya sha mini ƙwai biyar a dare ɗaya.
Mura ta shiga akurki, na dafa maɗaci da barkono,
duk da haka na binne huɗu a gindin ayaba.
Ayabar ta yi kai biyu bana.

Ran Lahadi Barira ta zo daga Agege da 'yarta.
Ta dubi kango, ta dubi ƙafata,
ta ce Baba, akwai ɗaki, ka dawo cikin mutane.
Ban ce komai ba.
Na ja hannun yarinyar zuwa akurki,
na zura shi ƙarƙashin Ladingo.

Ta zaro ƙwai, ta zaro ido:
Kaka, wa ya dafa shi? Da ɗumi!

Uwarta ta juya tana gyara mayafi,
ta daɗe tana kallon ruwa.
Can ta ce, to,
a sa mana shida a kwali,
da lalon nan, in akwai saura.